Abin da Na Gani a Gidan Tarihin Laifi da Hukunci na Rothenburg

Rothenburg ƙaramin gari ne a jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, yana kan tudu, kogin Tauber na gudana a gindinsa. Babban layin dogo bai bi ta kansa ba. Daga Nuremberg sai da na sauya jirgi a Ansbach, na sake sauyawa a Steinach, inda wani ɗan ƙaramin jirgi yake ƙarasawa da mutane. Ganuwa ta kewaye garin, hasumiyoyinta na nan tsaye, amma abin da ya kai ni shi ne gidan tarihin laifi da hukunci da ke titin Burggasse, a cikin wani tsohon gini da ya koma a 1977. Kayan da suka tara sun kai kimanin 50,000, tarihin shari'a na shekara 1,000.

Tun a tsakar gida wani keji ya tare ni, rataye a jikin jigo. Na masu gasa burodi ne. Wanda aka kama yana tauye awo, sai a zaunar da shi a ciki, a riƙa tsoma shi a ruwa ana cirowa, jama'ar gari na kallo. Da na shiga ciki na ga ashe tozarci babban reshe ne na hukuncinsu. Ga takunkuman ƙarfe jere a bayan gilashi: mai dogon harshe da manyan kunnuwa na magulmata, mai hancin alade na wanda ya yi ƙazamin hali. Ga wani katako mai ramuka da ake zura wa mata biyu masu faɗa wuya da hannu, fuska na kallon fuska, ba a kwance su sai sun shirya. Ga ganga da ake sa wa mashayi ya zaga gari da ita, har da sarewar ƙarfe da ake ɗaure wa makaɗin da ya ɓata kiɗa. Na daɗe gaban takunkumi ɗaya ina duban inda ƙarfen yake zama a haɓa, da ɗan makullin ƙeya. A garin da kowa ya san kowa, wanda aka yi wa wannan da safe, da wane ido zai fita kasuwa gobe? 'Ya'yansa fa? Shi ya sa raina ya sosu da na ga wasu baƙi suna zura kai a turu suna ɗaukar hoto suna ƙyaƙyata dariya. Abin da ya karya mutuncin wani bai dace da wasa ba, ko da shekara ɗari biyar ta wuce.

Ɓangaren azabtarwa shi ne kowa ke rububinsa: kujera mai ƙusoshi, gadon da ake miƙe mutum a kai har gaɓoɓi su goce, ƙaramin matsin ƙarfe na babban yatsa. Ni kuwa takardu ne suka fi girgiza ni. A 1532, zamanin Sarki Karl na Biyar, an kafa dokar hukunta laifuffuka ta daular da ta haɗa ƙasashen Jamus a wancan zamani, dokar da ake kira Carolina. Dokar ta ce ba a yanke wa mutum hukunci sai da shaidu biyu adalai, ko kuma ya yi iƙirari da bakinsa. A ido wannan kariya ce ga wanda ake tuhuma. To amma laifi nawa ne ake yi gaban shaidu biyu? Sai alƙalai suka koma neman iƙirari, dokar kuma ta ba su damar matsa mutum idan akwai alamu masu ƙarfi a kansa. Komai da tsarinsa: a fara nuna masa kayan, in ya ƙi a matsa yatsa, in ya ƙi a ƙara gaba, magatakarda na gefe yana rubutawa. Bayan an kwance shi sai ya maimaita iƙirarin ba tare da matsi ba. In ya janye, ana iya mayar da shi. Masu wannan aiki mutane ne masu karatu, sun yi imani adalci suke yi, kuma wannan ne ya sa jikina ya yi sanyi. Ina tsaye nan na tuna ƙa'idar da aka karantar da mu tun muna yara, cewa hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ban taɓa jin nauyinta kamar ranar ba.

Abin da ya fi munana shi ne shari'ar maita, domin ita ba ta da shaidar gani da ido. Wadda aka matsa sai ta ambaci wasu, su ma a matsa su. A Würzburg, nan kusa, an kashe ɗaruruwan mutane tsakanin 1626 da 1631, har da yara. A 1631 wani malamin coci, Friedrich Spee, ya yi rubutu yana cewa azaba ita ke ƙirƙiro mayu. Rothenburg kanta mutum uku kawai ta kashe kan maita a duk tarihinta, saboda majalisar garin ba ta saurin sa a matsa mutum. Doka ɗaya, zamani ɗaya, bambancin yana wurin masu riƙe da ita. Sai a 1740 Sarki Friedrich na Biyu ya fara hana azabtarwa a masarautarsa ta Prusiya, Bavariya ta bi baya a 1806.

Na yaba wa gidan tarihin kan gaskiya. Shahararren akwatin nan mai siffar mace da ƙusoshi a ciki, wanda ake cewa ana rufe mutum a cikinsa, yana nan, amma sun bayyana ƙarara cewa asalinsa rigar tozarci ce, daga baya aka dasa masa ƙusoshin. Da sun so jan baƙi kawai, da sun yi shiru. Takubban hauni ma na gan su, faffaɗa, ƙarshensu ba tsini don ba na suka ba ne. Shi haunin, gari na buƙatarsa amma ana ƙyamar zama da shi, kuma shi ake nema in ƙashi ya karye.

Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba idan aka duba abin da mutum zai gani. Tsadar tana waje: shayi da ɗan abin taɓawa a dandalin kasuwa sun ci yuro fiye da tikitin, ga shi ko ban ɗaki sai ka biya. Dattijuwar da na sauka a gidanta ce ta wanke min zuciya. Da ta ji ba na cin naman alade, ta ware min faranti daban, da yamma kuma ta raka ni kan ganuwa tana nuna min sunayen waɗanda suka ba da gudummawar sake gina ta, bayan ruwan bama-baman 31 ga Maris 1945 da ya rushe kusan kashi 40 cikin ɗari na garin. Na ce, "Baba, kin gaji, mu koma." Ta ce sai mun kai hasumiya ta gaba.

A hanyar dawowa na tsaya Nuremberg, na leƙa ɗakin shari'a mai lamba 600, inda aka fara gurfanar da manyan 'yan Nazi ranar 20 ga Nuwamba 1945. Ɗakin bai kai girman da nake zato ba. Daga nan na kama jirgin yamma zuwa Frankfurt, ruwan sama bai ɗauke ba har muka isa.