Yaya da kwamfutarsa

Yau da safe ina cikin nishaɗi. Na mayar da launin allon kwamfutata baƙi don idona ya huta, na kuma kunna Windows+V, wanda ke riƙe jerin abubuwan da mutum ya kwafa, ba na ƙarshe kaɗai ba. Abin ya burge ni har na yi ta kwafe-kwafen banza.

Da rana Yaya ya kira, wai tasa tana tafiyar hawainiya. Wannan ba wuya. Da na je, na danna Ctrl+Shift+Esc, na ga tarin manhajojin da ke tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna, na kashe waɗanda ba ya amfani da su. Ta ɗan farfaɗo, ya sa mini albarka.

Can na lura har yanzu Windows 10 yake kai. Na ce, "Yaya, tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina aiko wa wannan gyaran tsaro fa, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi."

"To ba tana aiki ba?"

Na kawo masa labarin WannaCry, wata cutar kwamfuta. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran da ke toshe kafar, amma a watan Mayu cutar ta mamaye kwamfutocin da ba a sabunta ba, ta kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila sai da aikinsu ya tsaya.

Ya yi dariya. "Ni asibiti ne? Ɓarawo ya shigo nan, me zai ɗauka?"

Na yi shiru, don ba a ja-in-ja da Yaya. Amma idona na kan allon. Ga hoton fasfon Inna. Ga takardun makarantar yara. Ga kwafin takardar shaidata da na tura masa tuntuni, ita ma tana zaune a can gefe. Kalmar sirrin kuwa shekarar haihuwarsa ce, a gabana ya buga ta da yatsa ɗaya. Shi a ganinsa ba shi da komai, alhali rabin abin da ke cikinta na mutane ne, amana.

Abin da na iya yi a ɓoye: na sa ta riƙa nuna ƙarshen sunan kowane fayil, ko ya gane in an turo masa .exe, wato manhaja, da sunan takarda. Na duba ko za ta ɗauki Windows 11, ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata. Na nuna masa Windows+L don kulle allo in zai tashi. Ya ce to, irin "to" ɗin nan nasa.

Ciwon kai tun la'asar. Yau ko taɓa aikin ofis ban yi ba.

Gobe zan koma da faifan ajiya in kwashe takardun. Yadda zan ce masa ina so in goge tawa daga kwamfutarsa ba tare da ya ji haushi ba, shi ne har yanzu ban samo ba.