Me Ya Sa Ba a Buɗe Imel Ɗin Tallarka?

Mai kanti zai zo da fayil ɗauke da adireshin imel dubu takwas, ya ce a tura wa kowa tallar sabbin kaya kafin Sallah. Wanda ya san wannan sana'a ba zai fara da rubuta saƙo ba, zai fara da tambayar inda adireshin nan suka fito. Idan sayensu aka yi a hannun wani, ko kwaso su aka yi daga takardar halartar wani taro na shekara huɗu baya, to aikin ya mutu tun kafin a danna tura. Tun ran gini ake zane.

Dalili kuwa shi ne Gmail da Yahoo da Outlook suna riƙe da tarihin duk mai aika saƙo, kamar yadda 'yan kasuwa ke riƙe da tarihin mai cin bashi. A tsohon jeri akwai adireshin da suka mutu, saƙo zai je ya dawo. Akwai waɗanda masu yaƙi da saƙon banza suka mayar tarko, duk wanda ya aika musu ya tona wa kansa asiri cewa bai nemi izinin kowa ba. Sannan akwai masu rai waɗanda ba su san ka ba, su kuma za su danna maɓallin da ke cewa wannan saƙon banza ne. Google ta sa iyaka a fili: ƙorafi kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu, kuma ta fi son a tsaya ƙasa da 0.1. A jerin dubu takwas, mutum ashirin da huɗu kacal sun isa su ɓata sunan kamfani, har rasit ɗin da zai tura wa abokin cinikinsa na gaskiya ya riƙa faɗawa jakar saƙon banza, wato Spam. Ga kuma doka. Najeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da hukumar NDPC ke kula da ita, Turai kuma tana da tata dokar, GDPR, tun 2018. Adireshi ɗari huɗu na mutanen da suka sayi kaya suka kuma yarda a riƙa sanar da su sun fi dubu takwas ɗin nan albarka nesa ba kusa ba.

Bayan izini sai shaidar gida, wato hujjar cewa daga kamfaninka saƙon ya fito, kuma a nan ne ƙananan kamfanoni suka fi faɗuwa. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙo da yawa, a wajen Gmail wanda ya kai 5,000 a rana, su kafa abubuwa uku a rajistar sunan shafinsu: SPF da DKIM da DMARC. Microsoft, mai Outlook, ta bi sahu a Mayun 2025. Ƙaramin kamfani zai ce ai ni ban kai wannan adadi ba. Gaskiya ne, amma mai tace saƙo, wato tsarin da ke ware saƙon banza, yana duba shaidar kowa, kuma ukun ba sa cin kuɗi.

SPF layi ɗaya ne da ke lissafa na'urorin da aka ba izinin aika saƙo da sunanka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta layi biyu, ɗaya na akwatin ofis ɗaya na manhajar talla, alhali ɗaya kawai ake yarda da shi, sai a haɗa su wuri guda. Kuma kada tambayoyin da layin ke jawowa, wato sauran rajistocin da yake tura mai karɓa ya duba, su wuce goma, in sun wuce gwajin ya faɗi. DKIM sa hannu ne da ake bugawa a jikin kowane saƙo. Manhajar da kake amfani da ita, Mailchimp ce ko Brevo ko wata, za ta ba ka abin da za ka kwafa ka liƙa. DMARC kuma shi ke gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwaji. A fara shi da p=none, wato sa ido kawai ba hukunci, a riƙa karanta rahoto na wasu makonni, sannan a tsaurara. Gwaji ba wuya: tura wa kanka saƙo a Gmail, ka buɗe a kwamfuta, ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi Show original. Idan ka ga PASS a gaban ukun, ka haye. Wanda kuma yake sa adireshin da ya ƙare da gmail.com a matsayin mai aikawa ta cikin manhajar talla, ya daina, domin yana sa hannu ne da sunan gidan da ba nasa ba.

Sabon sunan shafi ba a ɗora masa kaya rana ɗaya. Ana farawa da hamsin ko ɗari, ga waɗanda suka sayi kaya kwanan nan, a ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa huɗu.

To, saƙo ya shiga akwati. Abin da ido ke gani a waya layi uku ne, kuma yatsa na gudu. Na sama shi ne sunan mai aikawa, kuma a ganina ya fi kanun saƙo nauyi. Mutum yana buɗe saƙon wanda ya sani. A sa sunan da ke jikin allon kanti da leda da rasit, kada a riƙa canza shi. Adireshin noreply kuwa, mai cewa kada a ba da amsa, rashin ladabi ne, kamar ka yi sallama ka toshe kunne. Amsar da abokin ciniki ya aiko tana ƙara wa sunanka daraja a wajen mai tacewa.

Kanun saƙo ana yanke shi a waya bayan haruffa talatin zuwa arba'in, don haka abin da ya fi muhimmanci ya zo a gaba. Kwatanta waɗannan biyun. "BABBAR GARAƁASA!!! Kada ka bari ta wuce ka." Da kuma "Shaddar Sallah ta sauka, launi shida." Na farko kowane ɗan talla ya taɓa rubuta shi, na biyu kuwa ya faɗi kaya da lokaci. Wasu suna sa Re: a gaba don a ɗauka amsar wasiƙa ce. Za a buɗe sau ɗaya, karo na biyu ƙorafi za a danna.

Layi na uku, wanda ke leƙowa a ƙarƙashin kanu, shi ne aka fi mantawa. In ba a cike shi ba, waya za ta ɗauko rubutun farko da ta tarar, sai ka ga an nuna "Danna nan idan hoton bai buɗe ba". A nan ne ya kamata a sa farashi ko ranar da rangwame zai ƙare.

Mai rubutu da Hausa yana da nasa ƙarin aiki. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma alamar tambaya ko wasu alamomi marasa ma'ana idan ba a ajiye jerin sunaye da tsarin adana haruffa na UTF-8 ba, musamman fayil ɗin da aka fitar daga Excel. Sai kuma batun kiran suna. Manhajojin nan an gina su ne a kan kiran mutum da sunansa na farko, wanda a nan ba ya tafiya da kowa: dattijon da ke sarin kaya a Kantin Kwari ya buɗe saƙo ya ga an kira shi gatsau ba Alhaji ba Malam. A ƙara gurbin laƙabi a jerin, inda kuma babu suna a sa "Assalamu alaikum" kawai, kada a bar gaisuwa da waƙafi a rataye.

Cikin saƙon, babban laifi shi ne a ɗauko hoton talla guda da aka zana don WhatsApp a liƙa shi kaɗai. Mai tacewa ba ya son saƙon da babu rubutu, wanda datarsa ke ja da ciki kuma farin fili zai gani. A rubuta kaya da farashi da rubutu, hoto ɗaya ko biyu marasa nauyi, kowanne da bayanin da zai fito in bai buɗe ba. Gmail tana datse saƙon da ginin rubutunsa ya wuce KB 102, kuma abin da ke ɓoyewa shi ne ƙasan, inda hanyar ficewa take. Maɓalli ɗaya ya isa, mai girman da babban yatsa zai taɓa, kuma tunda cinikinmu a WhatsApp yake ƙarewa, ya kai mutum can kai tsaye. A guji gajartattun adireshi da maƙala fayil. Shiga sashen Promotions na Gmail kuma ba abin kuka ba ne, talla ce ta zauna a wurin talla.

Lokacin aikawa ba shi da doka ɗaya. Tsakar ranar Juma'a ba a samun kowa, a watan azumi bayan buɗa baki ya fi safiya, masu albashi kuma ƙarshen wata. A raba jerin biyu, a gwada abu ɗaya kacal a kowane zagaye.

Sai dai a yi hattara da ma'aunin da ake gwadawa da shi. Ana ƙidaya buɗewa ne ta wani ɗan hoto da ido ba ya gani, in an sauke shi sai a ce an buɗe. Tun Satumbar 2021 manhajar Mail ta Apple take sauke wannan hoto da kanta ga waɗanda suka kunna kariyar sirri, ko mutum ya karanta ko bai karanta ba. Don haka adadin buɗewa ya kumbura, ba a gina hukunci a kansa. A ƙirga dannawa, da amsoshi, da odar da ta biyo baya.

Da wannan ƙidayar ake share jeri. Adireshin da ya dawo da saƙo don babu shi, a cire nan take. Wanda ya nemi ficewa a sallame shi cikin kwana biyu, haka ƙa'idar Gmail da Yahoo ta ce, kuma hanyar ficewar ta fito fili, domin wanda ya rasa ta ƙorafi zai danna. Wanda ya yi wata shida bai danna komai ba, bai amsa ba, bai sayi komai ba, a tura masa gajeren saƙo guda a tambaye shi ko a ci gaba. In mako biyu ya wuce shiru, a sauke sunansa.