Hawan sallar Bauchi a kan allon katako

Ƙananan mutum-mutumin roba da ake sayarwa a intanet don haɗa ɗan fage kusan duk na yaƙin duniya na biyu ne: sojan Jamus, tankar Amurka, rusasshen gida a Faransa. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa ma'aunin 1:35 da yawancinsu ke bi, wato mutum mai tsawon mita 1.75 ya koma santimita 5. Ma'aunin na ɗauka, sojojin kuwa na bar musu. Abin da nake so a kan teburina shi ne Bauchi ranar hawan sallah, kuma ba kamfanin da zai zuba mini wannan a roba.

Da bango na fara. Malam Yakubu ya kafa garin nan a 1809, aka kewaye shi da ganuwa, yau kuwa sunayen ƙofofin sun fi ganuwar zama a bakin mutane: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Dumi. Yaro ya tashi a Wunti bai taɓa ganin yadda ake jera tubali ba. Wannan yana damuna ƙwarai, shi ya sa na ƙi yin bangon da kwali da fenti kawai. Jar ƙasa nake ɗebowa, in shanya, in tankaɗe da rariya har ta yi laushi kamar garin tuwo, in kwaɓa da farin gam na kafintoci da ɗan ruwa. In ta bushe takan yi 'yar tsaga-tsaga irin ta tsohon yaɓe, abin da ba fentin da zai ba ka. Azara kuma tsinken tsintsiya ne, indararo ɗan bututun biro da na tsaga biyu.

Wani tsohon magini a unguwarmu, Baba muke ce masa, shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin makuba, yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a sami ruwan da ke ƙarfafa yaɓe ya kuma ba shi duhu. Ya ce in lura bangon ƙasa ya fi kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama har zanko. Tun daga ranar ban sake wuce tsohon zaure ban ɗaga kai ba.

Dokin ya fi komai cin rai. Waya ce ƙashinsa, a kanta nake ɗora laka mai bushewa da kanta. Sirdi, likkafa, linzami da jalala kowanne daban ake yinsa. Rawani da alkyabba ba sa yiwuwa da yadi na gaske, domin zarensa ya yi kauri a wannan ƙanƙanta. Takardar tishu nake jiƙawa da gam mai ruwa-ruwa, in naɗa da tsinken sakace, ta bushe da lanƙwasarta. Fuska kuwa ba na yi mata ido ko hanci. Na ji abin da malamai suka faɗa a kan surar mai rai, kuma amawali dama yana rufe rabin fuskar mahayi.

Wajen fenti, akirilik nake amfani da shi, wato fentin da ake tsarmawa da ruwa, shafi siriri a kan siriri. Ja da koren dogarai in ka zuba su yadda suka fito daga kwalba sai su yi ihu, don haka nakan karya su da ɗigon ruwan ƙasa. Daga nan in tsarma fenti mai duhu ya gangara cikin ninkin riga, sannan in bi tudun ninkin da buroshin da ya kusa bushewa, haske ya fito. A ƙarshe ƙura, ita ma daga ƙasar nan da na tankaɗe, a ƙafafun doki da gefen riga, domin ba a hawa a dawo fes.

Lokacin hunturu fenti na bushewa kafin ka kai buroshi. Sa jiƙaƙƙen soso a faranti, ka shimfiɗa takarda a kai, ka zuba fentin a nan. Ka kuma sa mai yankan gilashi ya yi maka murfin da zai rufe ɗan fagen tun kafin ka gama. Yanzu masu kakaki da algaita suka rage mini, kuma ina neman tsohon hoton da ya nuna su daga gefe.