Jirgin da Ya Yi Yaƙi a Tarabulus

Shekaranjiya na dawo daga Boston, har yanzu ƙamshin katako da igiyoyin jirgin nan bai bar hancina ba. Ƙanena da ke karatu a can ne ya matsa, ya ce, "Yaya, ba za ka koma gida ba ka ga Constitution ba."

Jirgin yaƙin Amurka ne na katako da aka sa a ruwa a 1797, ɗaya daga cikin shida da dokar 1794 ta ba da izinin ƙerawa. Yana nan a unguwar Charlestown ta Boston, shiga kyauta, katin shaida kawai za ka nuna. Matasan sojojin ruwa ne ke zagayawa da baƙi cikin fara'a. A ƙasa rufin gajere ne, sai da na sunkuya tsakanin manyan igwa. An ba mu labarin karonsa da jirgin yaƙin Ingila mai suna Guerriere a 1812, amma ni abin da ya tsaya min shi ne 1804, lokacin da ya yi wa Tarabulus luguden wuta zamanin sarkinta Yusuf Karamanli. Tarabulus fa, inda fatake ke kai fatun Kano ta Gadamas!

Washegari muka shiga shagon wani dattijo mai sayar da tsofaffin takardu. Ya zaro wata ta fata, fasfon jirgin kasuwa, da sa hannun shugaban Amurka na lokacin Thomas Jefferson da sakataren harkokin wajensa James Madison. Samanta a yanke yake a karkace kamar tafiyar maciji. Ya ce guntun da aka yanke Arewacin Afirka ake aikawa. In jiragen can suka tare jirgi a teku sai a haɗa biyun, suka dace a sake shi. Na daɗe ina kallon tawadar, ta koma ruwan ƙasa amma kowane harafi na karantuwa.

Kuɗin da ya faɗa zai sayi fili a unguwarmu. Na taya, ya yi murmushi ya ce a'a, amma ya zuba mana shayi, ya bar ni na riƙe ta. Nan na tuna wasiƙun ajamin kakanmu a cikin adaka, gara ta ci gefensu. A daren na kira gida na ce a fito da su, a sa a wuri busasshe.

New York kwana biyu muka yi. Sanyi, hayaniya, abinci tsada ba kaɗan ba. Daga nan sai filin jirgi.