Karatun watan Agusta: Monika da kabarin da ta tanada

Kowane farkon wata nakan sauko da kalandar coci da ke rataye a bangon ɗakina, in duba ranakun waliyyai da ke tafe, sannan in zaɓi littafi guda da zan bi har watan ya ƙare. A nan Sakkwato, Agusta yakan faɗo tsakiyar marka, lokacin da gero ya fid da kai a gonakin bayan gari, ruwa kuma yakan tsare mutum a gida da yamma ko yana so ko ba ya so, saboda haka uzurin rashin lokacin karatu ba ya karɓuwa.

Ranar 8 ga wata ta Waliyyi Dominik ce, mutumin ƙasar Sifen da ya kafa ƙungiyar masu wa'azi wadda Fafaroma ya amince da ita a 1216, ya kuma rasu a birnin Bolonya a 1221. Mu Katolikan Sakkwato muna da dalilin riƙe wannan rana da hannu biyu, domin 'yan ƙungiyarsa ne daga Amurka aka damƙa wa wannan yanki a 1953, kuma ɗayansu, Edward Lawton, shi ne bishop na farko sa'ad da yankin ya zama cikakken dayosis a 1964. Ranar 15 kuwa ita ce idin ɗaukar Maryamu zuwa sama, wanda ba ya bukatar tuni daga gare ni.

Hankalina bana ya tsaya ne a kan ranakun 27 da 28, inda aka jera uwa da ɗanta: Monika da Agustin. Mutanen Afirka ne. An haifi Agustin a 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu. Littafin da na ɗauka shi ne nasa mai suna Confessiones, kalmar Latin da ta haɗa furta zunubi da furta yabon Allah. Babi goma sha uku ne, amma labarin rayuwarsa yana cikin tara na farko, kuma a nan ne kusan duk abin da aka sani game da mahaifiyarsa yake.

A wa'azi an saba nuna Monika a matsayin uwa mai haƙuri da addu'a, kuma hakan gaskiya ne. Mijinta Fatrisiyus ba Kirista ba ne, ga shi da zafin rai, sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Ɗanta ya shafe kimanin shekara tara yana bin koyarwar Manikiyawa, mabiya wani addini dabam da Coci ta ɗauka ɓata ne, har ta taɓa hana shi zama a gidanta. Da ta matsa wa wani bishop da roƙon ya yi masa magana, sai ya sallame ta da cewa ba zai yiwu ɗan waɗannan hawaye ya hallaka ba. A 383 Agustin ya yaudare ta a bakin tekun Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya bar ta tana kwanan addu'a a wani ƙaramin ɗakin ibada, ya shiga jirgin ruwa da dare zuwa Roma. Duk da haka ta bi shi har Milan, ta kuma ga ranar da Ambros, bishop na birnin, ya yi masa baftisma a Istar 387.

Sai dai ɗan bai ɓoye sauran labarin ba, kuma wannan ne ya sa na fi amincewa da littafin. Ya faɗi yadda tana yarinya ta saba kurɓar ruwan inabi a ɓoye idan an aike ta ɗebowa, har wata baiwar gidan ta yi mata gori, ta ji kunya ta daina. Ya kuma faɗi yadda ta dage a nema masa auren da ya dace da matsayinsa, abin da ya kai ga rabuwa da matar da ya daɗe yana zaune da ita, uwar ɗansa Adiyodatus, wadda ta koma Afirka ita kaɗai, ba a ma ambaci sunanta ba. Wannan shafin bai yi mini daɗi ba, kuma ban ga amfanin a tsallake shi don a kare mutuncin waliyyiya ba.

Ranar Lahadin da ta wuce ruwa ya tare mu a barandar coci bayan Misa, ni da wata dattijuwa ta Zumuntar Mata wadda ta fi shekara arba'in a garin nan. Ta ga littafin a hannuna ta tambayi abin da ke ciki, na shiga juya mata shi da Hausa gwargwadon iyawata, domin kwafin nawa na Turanci ne. Da na kai kan hawayen, sai ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ɗana, shekara nawa ta yi tana jira?" Na ce, "Mama, ta haura goma." Ta gyaɗa kai kawai, kamar mai auna nata lissafin da na wata.

Abin da ya fi riƙe ta shi ne ƙarshen babi na tara. Monika ta riga ta tanadi kabarinta a Tagaste kusa da na mijinta, kuma ta daɗe tana damuwa da hakan. Amma a Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, suna jiran haurawa gida a wannan shekara ta 387, zazzaɓi ya kwantar da ita. Ɗayan ɗanta ya nuna fatan kada ta mutu a baƙuwar ƙasa, sai ta ce su binne gawar ko'ina, abin da take roƙo kawai shi ne su tuna da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke. Ta rasu a rana ta tara da kwanciyarta, tana da shekara 56, aka binne ta a can.

Wanda ya san yadda muke tara kuɗin mota a kai gawa ƙauye, ko da tafiyar kwana ce, zai gane dalilin da ya sa Mama ta yi shiru na ɗan lokaci. Daga baya ta ce ita kam ta riga ta gaya wa 'ya'yanta su mai da ita gida kusa da maigidanta, kuma ba ta jin za ta canza magana. Da ruwan ya tsagaita ta ɗauki lemarta, ta ce in zo da littafin mako mai zuwa, in sake karanta mata wurin nan na Ostiya a hankali.