Sabar da ta sha batirin ɗakin haihuwa

A farkon 2023 wani likita mai ƙaramin asibiti a Kano ya kira ni, ya ce ya gaji da neman katin marasa lafiya a cikin kwali. Yana so wurin yankar kati, ɗakin ganin likita, ɗakin gwaji, kantin magani da wurin biyan kuɗi duk su riƙa ganin bayani ɗaya. Kwamfutoci bakwai ke nan, sai uwarsu da za ta riƙe bayanan, wadda mu masu wannan sana'a muke kira saba. Ya ce, "Injiniya, ka zaɓo mana abin da zai daɗe." Na ce masa, "Likita, ka bar wannan a hannuna."

Abin da na zaɓo shi ne Dell PowerEdge R720 ta hannu, irin waɗanda ake sauke wa daga manyan ɗakunan ajiyar bayanai na Turai da Amurka, su biyo kwantena su iso Legas. A cikinta akwai furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, samfurin Xeon E5-2670, kowacce da cibiyar lissafi takwas masu iya aiki lokaci guda. Lokacin da Intel ta fitar da wannan furosesa a 2012, kuɗin guda ɗaya ya haura dala 1,500. Ni kuwa na sami akwatin gaba ɗaya, da RAM, wato wurin riƙe bayanan da ake aiki da su a lokacin, gigabait 64, da faifan ajiya takwas, a kuɗin da bai kai na sabuwar laftof mai kyau ba. Mai sayarwa ya buɗe murfin ya nuna min ciki, komai a jere, fankoki shida, wurin shigar wuta biyu, ya ce, "Yallaɓai, da tsohuwar zuma ake magani." Bai yi min ƙarya ba. Injin kirki ne, kuma har yau ina girmama waɗanda suka ƙera shi. Sai da mutum biyu suka kama muka shigar da shi sito.

A lokacin na san da ƙananan kwamfutocin nan masu girman tafin hannu da suka fara fitowa da furosesar Intel N100, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun shekarar. Cibiya huɗu kacal gare ta. Na dube ta na ce wannan ai ta kallon fim ce a falo. Lissafina a lokacin shi ne sha shida ta fi huɗu, kuma asibiti ba wurin wasa ba ne.

Shekara guda saba tana aiki ba ta taɓa tsayawa ba. Alamomi dai sun yi ta zuwa, ban karanta su ba. Ƙarar fankokinta tana kaiwa har ɗakin ma'aikatan jinya. Siton ya zama kamar gidan burodi, har mai kula da magani ta kwashe kwalayenta ta kai wani ɗaki. Dell ta rubuta cewa iskar da ke shiga wannan injin a aikin yau da kullum kada ta wuce digiri 35, mu kuwa a Kano watan Afrilu yakan haura 40 a inuwa. Da hunturu ya zo, ƙura ta toshe gabanta, fankoki suka ƙara ƙaimi. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, sai Likita ya rage tayar da janareta da daddare, aka dogara da batura huɗu da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida.

Wani dare a Afrilun 2024, wajen ƙarfe uku, wayata ta yi ƙara. Metiron ce, shugabar ma'aikatan jinya. Ta ce an ɗauke wuta tun magariba, inbata ta yi kuka ta mutu, ga mace a kan gwiwa, ga firijin da ake ajiye allurai ya tsaya. Da na isa, na tarar da wata ma'aikaciyar jinya a tsaye tana haska fitilar waya, ɗaya kuma tana karɓar haihuwa. Baba maigadi yana ta fama da igiyar janareta. An sauka lafiya, alhamdu lillahi, uwa da jariri. Da gari ya waye Metiron ta same ni a bakin sito, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Injiniya, kafin ka kawo abin nan naka, batirinmu yana kai mu asuba." Na ce, "Hajiya, zan duba." Maganar ta zauna min a ƙirji, domin na san gaskiya ta faɗa tun kafin in duba.

Na aro ƙaramin mita irin wanda ake soka wa a soket, na jona sabar a kansa. Tana zaune ba wanda ke taɓa ta, tana jan wat 150. Sannan na buɗe shafin da ke nuna nauyin aikin da furosesa ke ɗauka, na bi na makonni. Ko da safiyar Litinin, lokacin da layi ya fi tsawo, ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Da daddare kuwa kusan babu. Wato cibiyoyi goma sha shida na ajiye ina ciyar da su dare da rana, alhali aikin bai ishi guda ɗaya ba.

Lissafin da ya kamata in yi tun ranar farko sai a ranar na yi shi, a bayan takardar rubuta magani. Wat 150 sau awa 24, yunit 3.6 ke nan a rana, 108 a wata. A watan ne aka mayar da yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, wato layukan da aka ware su fi samun wuta, kuma layin asibitin yana ciki, saboda haka sabar kaɗai tana cin sama da naira 24,000 duk wata. Amma ba kuɗin ne ya fi tayar min da hankali ba. Batura huɗu masu bolt 12 da amfiya 200 suna riƙe yunit 9.6 a rubuce, kuma irin waɗannan na ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsu, in dai ana so su yi ƙarko. Abin da ke hannu yunit 4.8 ne. A dare mai awa goma sha biyu sabar tana shan 1.8, in an haɗa da abin da inbata ke zubarwa wajen juya wuta ya kusa 2. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na batirin da ya kamata ya haska ɗakin haihuwa, ni na miƙa shi ga injin da ba ya aikin komai a wannan lokaci. Kuma baturan sun fara tsufa, ba su ma riƙe abin da ke rubuce a jikinsu.

A nan na fahimci wani abu da na daɗe ina karantawa a gurguje. An rubuta wat 115 a kan kowace Xeon ɗin, an rubuta wat 6 a kan N100, amma waɗannan lambobi na zafin da ake tanadar wa sanyaya ne idan aiki ya yi nauyi, ba su ne abin da mita zai nuna ba. Abin da ke shan wutar tsohuwar saba lokacin da take zaune, yawancinsa dangin da ke kewaye da furosesar ne: faifai takwas masu juyawa ba tsayawa, sandunan RAM da kowanne ke jan nasa, katin da ke haɗa faifan, ƙaramar kwamfutar iDRAC da ke gadin injin ko da an kashe shi, da fankoki. An ƙera ta ne don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, inda za a ɗora mata aiki har wuya ta biya kuɗin wutarta. Ita kanta furosesar an yi ta da tsohuwar fasahar ƙira ta nanomita 32, shekara goma sha ɗaya kafin N100, kuma a tsakanin nan masu ƙira sun ƙware wajen sa furosesa ta yi barci mai nauyi tsakanin aiki da aiki. Wani abin da ya ba ni mamaki, idan aikin na cibiya ɗaya ne, kamar buɗe fayil ɗin majiyyaci guda, ƙaramar ta fi tsohuwar sauri. Aikin asibitinmu kuwa kusan duk irin wannan ne.

Na je wurin Likita na ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren nawa ne, na sayo mana tirela don ɗaukar buhu ɗaya." Na nuna masa takardar. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni abin da na ji tsoro: "To ƙaramar, in ta lalace fa?"

Tambaya ce mai nauyi, kuma duk wanda ya ce ƙaramar ta fi ta kowace fuska bai riƙe bayanan mutane ba. Tsohuwar saba tana da RAM irin na ECC, mai gano kuskuren da ya faɗa cikin bayani ya gyara shi kafin ya kai ga faifai. N100 ba ta karɓar irin waɗannan sanduna. R720 tana da ramin RAM 24, ita kuwa N100 Intel ta tsayar da ita a gigabait 16. Kowace Xeon ɗin tana da layi 40 irin na PCIe, wato hanyoyin jona faifai da katuna, ƙaramar tara gare ta. A tsohuwar, faifai zai mutu ka zare shi ka soka wani injin yana aiki, haka wurin shigar wuta. Waɗannan ba ado ba ne. Na kwana biyu ina juya maganar ECC musamman, domin sakamakon gwajin jini ba abin da za a yarda lamba ɗaya ta sauya ba ne.

Abin da muka tsaya a kai shi ne ƙananan guda biyu. Ɗaya tana aiki, ɗayar tana kwafar bayanan duk awa, a wani ɗakin daban. Na sa su a kan tsarin ajiya na ZFS, wanda ke sa wa kowane guntun bayani hatimi, ya kuma tona asirin wanda ya lalace a kan faifai. Wannan bai maye gurbin ECC ba, na faɗa wa Likita haka ƙarara, amma ya rage fargaba. Duk Juma'a ana ɗaukar kwafi a faifan waje, Likita ya tafi da shi gida, ni kuma duk wata sai na gwada dawo da bayanan daga wannan kwafin, in tabbatar ba fanko muke ajiyewa ba. Mita ya nuna kowacce tana jan wat goma ko ƙasa da haka, wato kamar yunit bakwai a wata. Da yake bolt 12 suke ci, na ba su ƙaramin batirinsu na kansu, na cire su daga kan inbatar asibiti gaba ɗaya. Ma'aikatan wurin yankar kati ba su ma san an sauya komai ba, sai da suka lura shiru ya yi yawa a sito.

Daga baya wani dalili ya ƙaru da ban hango ba. Sababbin manhajoji sun fara juya wa tsofaffin furosesa baya. Red Hat Enterprise Linux 10, manhajar tafiyar da saba da ta fito a 2025, tana buƙatar furosesa mai fahimtar wani rukunin umarni da ake kira AVX2, wanda E5-2670 ba ta da shi, N100 kuwa tana da shi.

Yanzu duk wanda ya kira ni kan saba, kafin mu yi maganar furosesa sai na tambaye shi mutum nawa za su yi aiki a kanta lokaci ɗaya, awa nawa za ta kwana a kunne, da kuma wace wuta za ta sha ƙarfe uku na dare, wa kuma za ta raba wutar da shi. Akwai wanda na ba shawarar tsohuwar Xeon bayan waɗannan tambayoyi, mai haɗa bidiyon biki da ke kunna injinsa awa huɗu ya matse shi ya kashe, kuma yana jin daɗinta.

R720 ɗin Likita ya bar min ita. Tana shagona a kan benci, an rufe ta da zani saboda ƙura. Ranar Asabar, idan rana ta take sola ta cika, nakan kunna ta wa ɗaliban da ke zuwa koyon aiki. Mu ɗora mata Proxmox, manhajar da ke raba inji ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, kowane yaro ya sami kwamfutarsa a cikinta, su kafa, su rushe, su zare faifai tana aiki su ga yadda take farfaɗowa. A wannan aikin cibiyoyi goma sha shidan nan duk suna motsi. Mitan yana soke a soket, kuma kowane ɗalibi sai ya rubuta abin da ya nuna a littafinsa kafin ya taɓa madannai. Da an kira la'asar muke kashe ta.