Godiya bayan aikin ƙafar autanmu

Alhamdu lillahi. Jiya bayan La'asar aka sallamo autanmu daga asibiti, ya shigo zaure da ƙafarsa yana dogara sanduna biyu. Inna na ganinsa ta fashe da kuka.

Ga waɗanda labari bai iske ba, mota ce ta buge shi a kan babur a hanyar Dass, daidai Yelwa, ƙashin cinyar dama ya karye. A daren nan kan gida ya rabu. Kawu ya ce mai ɗori, ni na kafe sai asibiti. Ban ga laifin Kawu ba, shi aikin da ya sani, a tsaga cinya ko a rataya wa ƙafa nauyi mutum ya share makonni a kwance.

Likitan ƙashi ya zaunar da mu, ya zana mana da biro a bayan takardar magani. Ya ce wajen karayar ba za a buɗe shi ba. Ta gefen ƙugu za a ɗan yanka, a zura dogon ƙarfe cikin ramin ɓargo ana kallonsa a na'urar hoton ƙashi, sannan a kulle shi da kusoshi sama da ƙasa. Jinin da ya daskare a wajen karaya, da shi jiki ke fara nasa ɗorin, shi ya sa ake barinsa. Har ya faɗa mana wani likitan Jamus, Küntscher, ne ya fara wannan aiki a 1939. Kawu ya jinjina kai, ya ce, “Ashe ɗori ne ta ciki.”

Likita, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Haka ma mai allurar barci, da ma'aikatan jinya da suka jure tambayoyin Inna, da mai gashin ƙashi da ta tsayar da shi a kwana na uku yana ta gumi.

'Yan acaɓan da suka ɗauke shi daga bakin titi, ko sunanku ban sani ba, Allah ya san ku. Abokansa biyu da suka ba da jini, da jama'ar masallacinmu na Wunti da suka yi karo-karo, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Ƙashin sai ya ɗauki watanni kafin ya haɗe, a ci gaba da sa shi a addu'a. Masu dubiya ku zo da yamma. Amma don Allah a daina cewa ya ɗaga bandeji a gani. Ɗinki uku ne, babban cikinsu bai wuce tsawon yatsa ba.